Juyin Sitiyari

Ranar Laraba aka shigo da ita garejina a Tashar Dukku,
fara, 'yar ƙarama, da rubutun Japan a murfin tanki,
sitiyarinta a dama.
Mai ita ya ce, "Hammadu, juya mini ita kafin Juma'a,
sau uku 'yan hanya suna tare ni daga Kwami zuwa nan."

Na kwance allon gaba, na zaro wayoyi kamar hanjin kaza,
na huda ƙarfe inda ba a yi shi don huji ba.
Birki da kuloci da totur, na tattara su,
na yi musu ƙaura kamu huɗu zuwa hagu.
Ba ta yi gardama ba.
Ƙarfe ba ya gardama, sai dai ya riƙe abu a ciki.

Baba Manu na kan benci a gindin dalbejiya,
ido ya yi yana, kunne kuwa garau.
Shi ya ja auduga daga Kumo zuwa tashar jirgi
a tsohuwar mota mai bodin katako
tun ƙasar nan tana bin hagu.
Ya ce, "Abin da kake yi mata shi aka yi mana.
Mun kwana Asabar muna 'yan hagu,
gari ya waye Lahadi aka ce kowa dama.
Rediyo ta faɗa har muryarta ta dushe,
amma hannu ba ya sauraron rediyo.

Kwana tara da canji, a wata kwana kafin Tumu,
na yi kiciɓis da Sambo Dogo, shi da gyaɗa, ni da auduga,
kowa ya ci tsakiyar titi.
Ban yi tunani ba, shi ma bai yi ba.
Na kauce hagu, ya kauce hagu,
muka gifta juna, madubi na shafar madubi.
Da ɗayanmu ya tuna doka a ranar
da babu kai, da babu garejin nan."

Na ci gaba da ɗaure noti.
Me zan ce wa mutumin da mantuwa biyu ta raya?

Da la'asar Hajjo ta bugo daga Kampala.
"Baba, jiya saura ƙiris babur ya kwashe ni.
Na duba hagu kamar a bakin Babbar Kasuwa,
ashe ta dama yake zuwa."
Uwarta ta dafe ƙirji tana salati.
Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Ku ce mata hanyata ce ta je ta tarar.
Na ɗauka an binne ta, ashe ƙaura ta yi."

Daren Alhamis na gama.
Na liƙe tsohon hujin da faranti, na shimfiɗa masa roba.
Da safe na ce, "Baba, zo mu gwada ta zuwa Mil Uku."
Ya lallaɓa jikinta har ya kama ƙofar dama,
ya zauna inda ya zauna shekaru ashirin,
sai dai yau ba kome a gabansa sai gilashi.

A shataletale na kai hannu in ba da sigina,
sai wayifa ta hau share busasshen gilashi,
ƙiiii, ƙiiii, cikin rana tsaka,
mai keke-napep yana yi mini hon da baƙar magana.
Ashe ita ma ta riƙe nata.

Wata akuya ta faɗo titi wajen gidan mai.
Na taka birki.
Na waiga in ga ko Baba ya tsorata,
sai na ga ƙafarsa ta riga tawa:
ta danne robar nan da ƙarfi,
daidai inda na toshe.